Kawu ya ce min "hangen Dala ba shiga birni ba", me yake nufi?

Auwal Fagge: Salamu alaikum jama'ar gida. Don Allah ku raba ni da wani abu da ya hana ni barci tun shekaranjiya. An kira ni intabiyu a Abuja ranar Litinin, wani kamfani ne ba sai na kama suna ba, wata bakwai ina tura takardu sai yanzu aka waiwaye ni. Da murnata na je gaida Kawu bayan isha'i na faɗa masa, yana lazimi, ya ɗago kai ya kalle ni ya ce "to madalla, amma hangen Dala ba shiga birni ba", ya ci gaba da jan carbinsa. Shikenan fa, ba Allah ya sa a dace ba komai. To tun lokacin nake ta juya maganar nan, wai kashe min gwiwa yake yi ne ko gargaɗi ne ko so yake ya ce ba zan samu ba? Kuma abin da ya fi ɗaure min kai, dutsen Dala ai a CIKIN birni yake, wanda ya hango shi ai birnin ya hango, to me ya rage kuma?

Sarkin Musu: Wa'alaikumussalam. Abin da ya rage shi ne tafiya mana hhhh

Auwal Fagge: Na san da tafiya, amma me ya sa ba a ce hangen birni ba shiga birni ba? Me ya kawo Dala ciki?

Maman Ihsan: Kai ƙanina kwana biyu kana wannan lissafin maimakon ka wanke kayan da za ka saka?

Malam Sani Tarihi: Tambayar Auwal ba ta banza ba ce, ku bar shi. Ƙasar Kano shimfiɗaɗɗiya ce, babu tsaunuka a kewaye, to a zamanin da babu bene babu dogon ƙarfen sabis, abin da matafiyi zai fara gani daga nesa ba ganuwa ba ce ba kuma gidan sarki ba, Dala ne da Goron Dutse. Ka ɗauka kana cikin ayarin fatake kun taso daga Agadas ko Damagaram da raƙuma, kun yi makonni a hanya, ƙafa ta kumbura guzuri ya ƙare, sai wani ya ce ga Dala can. Zuciya sai ta saki jiki ta ce an iso. Alhali akwai sauran tafiya mai yawa, kuma ƙofofin birni rufe su ake da daddare, kowace da sarkin ƙofarta, in kun yi sanyin jiki duhu ya riske ku sai dai ku kwana a bayan ganuwa kuna kallon abin da kuka zo nema. Shi ya sa aka ce Dala ba a ce birni ba. Ido ne yake riga ƙafa isa.

Malam Sani Tarihi: Kuma in ƙara maka wani, ko ƙofar ka shiga ba ka isa gari ba. Cikin ganuwa a da gonaki ne da fili da kududdufai kafin ka tarar da gidaje, da gangan aka kewaye su saboda in an yi wa gari ƙawanya a samu abin nomawa. Baturen nan Kilafaton da ya zo Kano a 1824 sai da ya rubuta cewa gwiwarsa ta yi sanyi da ya shiga, ya sha ado da kayan sarki yana zaton za a fito kallonsa, ya tarar gidaje suna can nesa da ganuwa kuma kowa harkar gabansa yake.

Sarkin Musu: To ai Turawa sun hango Dala a 1903 kuma sun shiga. Karin maganar ta faɗi kenan

Malam Sani Tarihi: Da igwa suka shiga. Auwal yana da igwa?

Auwal Fagge: Satifiket ɗin digiri dai gare ni Malam, da na bautar ƙasa

Ɗan Maraɗi: Ku gahwarce ni jama'a, ni wallahi tun ina yaro wanga magana kuɗɗi nike zaton ana nuhi. Mu nan dala ita ce tamma biyar ta sefa, dala ɗari biyu jikka guda. To in an ce hangen dala ba shiga birni ba, sai in ɗauka ana cewa ganin kuɗɗi hannun wani bai sa ka zama ɗan birni. Sai da na zo Kano sayen kaya Kantin Kwari anka nuna min dutsen na ce au, ashe wanga ne

Uwar Biyu: Hhhhh wallahi fassararka ta fi ta asalin dacewa da zamanin nan, duk samarin da ke kwana suna danna waya suna hangen dalar Amurka ga amsarsu nan

Malam Sani Tarihi: A rubuce ne suke kama, a baki ba ɗaya ba ne, ka faɗe su a hankali za ka ji muryar ta bambanta. Dala ta kuɗi baƙuwar kalma ce, daga tsohon kuɗin azurfar nan mai hoton Mariya Tareza da ke ɗauke da shekarar 1780 ta samo suna, mu a Najeriya kafin naira ta zo a 1973 sule biyu ake ce wa dala. Dalar gyaɗa kuwa ita daga dutsen ta ari sunan, don an tara buhuna sun yi tsini kamarsa.

Injiniya Bash: Tunda an buɗe wannan babin ni ma ina da ƙorafi. Mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa. Don Allah wane romo? Dutse ko shekara ka yi kana dafa shi ruwan zafi za ka sha, ga asarar itace ga asarar gas a wannan tsadar. Ni a ganina wannan ba yabon haƙuri ba ne zagi ne a fakaice, ana ce maka wawa ne kai

Maman Ihsan: Injiniya ba ka taɓa shiga kicin ba shi ya sa. Kanwa mece ce in ba dutse ba? Jiƙa ta muke mu zuba a wake ya nuna da wuri, mu sa a miyar kuka da kuɓewa, ga kunun kanwa da ake dama wa mai jego. Gishirin Bilma ma da Buzaye ke kawowa kantu kantu ai sai an fasa shi kamar dutse. Mu kullum muna dafa dutse muna shan romonsa ku ne dai ba ku sani ba

Injiniya Bash: Hajiya wannan ai zamba ce, kanwa narkewa take. Karin maganar dutse ta ce ba kanwa ba

Maman Ihsan: To mai haƙurin ne ya zauna ya tantance wane dutse ne ke narkewa, mai gaggawa ya ɗebo tsakuwar bakin titi ya ɗora

Ustaz Kabiru: Ni kuma duk sanda aka yi wannan karin maganar labarin Sayyidina Umar nake tunawa yadda aka ba mu shi a islamiyya, matar da ya tarar da daddare ta ɗora tukunya babu abinci a ciki tana lallashin yaranta har su yi barci. Ita ba romo take jira ba. Kuma shi Umar bai ce mata ki ƙara haƙuri ba, komawa ya yi ya saɓo buhun gari a bayansa. Don haka masu mulki su daina ara wa talaka wannan karin maganar, ba tasu ba ce.

Sarkin Musu: Ustaz ya shigo da siyasa, admin ka gani fa

Admin: Ina gani. A ci gaba amma ban da kama suna

Auwal Fagge: Jama'a an bar tawa maganar fa

Zee Kaduna: Ka jira layi Auwal. Ni wadda ke ci min rai ita ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Lokacin da na ce zan nemi gurbin karatun likita wata gwaggona ta faɗa min ita a gaban mutane, har yau ban manta ba. Wato ni ce kwaɗon, in tsaya a ƙasa inda aka ajiye ni kar in ɗaga kai

Malam Sani Tarihi: A'a ƙanwata, juya ta kika yi ko ita ta juya ta. Ma'anarta abin da yake rabonka ba zai je inda ba za ka iya kai wa gare shi ba. Kwaɗo ba ya hawa bishiya, to abincinsa ma ba a bishiya aka ajiye masa ba, har inda yake zai same shi. Lallashi ce ba reni ba.

Zee Kaduna: Malam da girmanka amma ban yarda ba. Ko a fassararka ai an riga an yanke cewa shi ɗan ƙasa ne. Me ya sa ba a ce rabon shaho ba ya faɗowa ƙasa ba? Sai aka zaɓi kwaɗo, abin da ko tsalle ya yi nan zai dawo. Duk wanda aka yi wa wannan karin maganar an gama auna shi an ga iyakarsa, kawai dai an shafa mata zuma ne

Sarkin Musu: Akwai kwaɗon da ke hawa bishiya fa, ƙanana masu ɗanko a yatsu, na gani da idona da damina

Zee Kaduna: To ka gani, ko kwaɗon ma an yi masa ƙarya

Uwar Biyu: Zee kin samu gurbin dai ko?

Zee Kaduna: Ban samu likita ba, harhaɗa magunguna aka ba ni, ina aji huɗu yanzu. Kuma ranar da sakamako ya fito gwaggon nan dai ita ce ta ce zakaran da Allah ya nufa da cara ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Daga kwaɗo na koma zakara a bakin mutum ɗaya cikin wata shida

Injiniya Bash: Wannan ta zakara ma ina da magana a kanta. Na farko shaho ba ya ɗaukar zakara, ɗan tsako yake ɗauka, wato maganar tana nufin ya tsallake ƙuruciya ne kawai. Na biyu to ya yi carar sai me? Duk wanda ya yi kiwo ya san zakaran da ya fara cara shi ne ya isa yanka, baƙo na zuwa shi za a kama. Muzuru bai ci ba shaho bai ci ba mai gida ya cinye. Amma kowane ɗan takara sai ka ga ya manna ta a fosta

Ɗan Maraɗi: Injiniya kai dai Allah shi shirye ka, ko gaisuwa anka yi maka sai ka kwance ta ka ga mi ke ciki

Alhaji Zango Kumasi: Salam 'yan uwa, ina karantawa tun ɗazu. Mu nan kakanninmu goro ya kawo su, daga ƙasar Hausa zuwa Salaga a ƙasa da jakai, watanni ana tafiya. In da zafin nema ba ya kawo samu gaskiya ne ɗari bisa ɗari da ba wanda zai baro gida, da babu zango ko ɗaya a Gana. Alhassan Ɗantata da aka haifa a Bebeji ai ta wannan hanyar ta goro ya bi kafin ya koma Kano ya shiga gyaɗa, har ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Ni abin da tsohona ke faɗa min kullum shi ne zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Sarkin Musu: Yauwa Alhaji ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. A ce mai nema yana tare da samu, a juyo a ce zafin nema ba ya kawo samu. A ce himma ba ta ga rago, a juyo a ce kwaɗayi mabuɗin wahala. A ce sannu ba ta hana zuwa, kafin ka yi murna a ƙara da sai dai a daɗe ba a je ba. Wai Bahaushe so yake mu tashi ko mu zauna? Ya tsaya waje ɗaya mana

Ustaz Kabiru: Kalmar zafi ce ba ka lura da ita ba. Ba a ce nema ba ya kawo samu ba, ZAFIN nema aka ce. Hadisin tsuntsaye ma haka ya nuna, suna fita da safe da yunwa su dawo da yamma a ƙoshe, ai fitar suka yi ba a sheƙa aka kai musu ba. Da wanda aka ce masa ya ɗaure raƙumarsa sannan ya dogara ga Allah. Amma tunda ana tone-tone, don Allah a daina cewa "Allah ya ce tashi in taimake ka" kamar aya ce. Ba aya ba ce, zancen mutane ne. In aya ake so ga ta 39 a Suratun Najmi, mutum ba shi da komai sai abin da ya aikata.

Sarkin Musu: To Ustaz a ina nema yake ƙarewa zafi ya fara? Akwai ma'auni? Don wanda ya samu ce masa ake mai himma, wanda ya rasa a ce kwaɗayi ya kai shi, alhali mota ɗaya suka hau

Uwar Biyu: Motar kwaɗayi mai sauke mutum a tashar wulaƙanci hhh

Malam Sani Tarihi: Ita wannan ma shaida ce cewa ba duka ne na kaka da kakanni ba, tunda akwai mota da tasha a ciki ka san ba ta daɗe ba. Wani ne ya zauna ya ƙirƙira, ta yi daɗin faɗa aka ɗauka.

Inna Ladi: Yaran nan kun cika min waya, jikata ce ke karanto min ina ba ta amsa tana rubutawa. Ku saurara. Mahaifiyata Allah ya jiƙanta 'ya'ya maza biyu gare ta. Babban in ba a tashe shi ba sai rana ta take yana kwance, ƙaramin kuwa yau yana Legas gobe yana Fatakwal, jarin da aka ba shi na tireda bai kai wata uku ba ya juya shi ya sayi awaki ya sayar ya shiga kasuwar fata duk ba a ga riba ba. A mako guda na ji ta ce da babban zomo ba ya kamuwa daga zaune, ta ce da ƙaramin zafin nema ba ya kawo samu. Ba ta rikice ba, kuma ba ƙarya ta yi wa ko ɗaya ba. Ku kuna ta kwance kalmomi kamar masu gyaran rediyo, ba wanda ya tambayi yaron nan abin da ya dace. Kai Auwalu, kafin kawun naka ya yi maganar, me ka ce masa? Faɗi duka kar ka rage.

Auwal Fagge: Inna cewa na yi an kira ni intabiyu

Inna Ladi: Sai me

Auwal Fagge: Sai na ce in Allah ya yarda albashin farko zan canja masa rufin ɗakinsa

Inna Ladi: Sai me

Auwal Fagge: Sai na ce kafin babbar sallah zan sayi 'yar mota ko ta hannu ce, kuma ya fara shirin zuwa gidan su wance a kai gaisuwa

Zee Kaduna: Innalillahi hhhhhh

Sarkin Musu: Wannan ai ba hangen Dala ka yi ba, daga Zariya ka tsaya ka fara rabon filaye a Ƙofar Mazugal

Injiniya Bash: Kawu ma ya yi ƙoƙari da ya tsaya a karin magana ɗaya wallahi, ni ne da carbin zan make ka

Auwal Fagge: To ai niyya ce mai kyau, laifi ne mutum ya yi buri?

Maman Ihsan: Ba laifi ba ne ƙanina, amma ku nawa aka kira?

Auwal Fagge: Ban tambaya ba Anti

Zee Kaduna: Amma Inna ni fa ban janye ba a kan kwaɗo. Ni ban yi alƙawarin mota ba, karatu kawai na ce zan nema

Inna Ladi: Ke taki daban. Akwai mai faɗa don ya rage maka gudu kar ka faɗi, akwai mai faɗa don ɗanta bai samu ba. Ke kin san gwaggonki ni ban san ta ba.

Zee Kaduna: Ɗanta sau uku yana zana jarrabawar

Inna Ladi: To

Admin: Jama'a sha biyu ta wuce, saƙo sama da ɗari a kan dutse da kwaɗo. Auwal ka je ka kwanta

Auwal Fagge: Salam, ina kwananku. Na biya ta wajen Kawu da asuba yin sallama, ya zaro kuɗin mota daga ƙarƙashin buzunsa ya ba ni har da na abinci, ya yi min addu'a mai tsawo. Sai ya ce ina takardun, na ce sai na tsaya a tasha na yi fotokwafi, ya girgiza kai ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. To ni yanzu tambayata, in ranar tafiyar ta riga ta zo kuma goran ba a fafe ba, a fasa tafiyar ake nufi ko a tafi da shi haka? Don maganar ba ta faɗi ba

Admin: Auwal

Injiniya Bash: A'a admin ka bar shi, tambaya ce mai kyau. Gora in an fafe shi sai an jiƙa an wanke ɗacin ya fita kafin a zuba ruwan sha, kwanaki yake ɗauka, fotokwafi kuwa minti biyu ne, don haka kwatancen bai ma hau ba

Maman Ihsan: Yau Lahadi, masu fotokwafin ba lallai su buɗe da wuri ba. Ka duba kafin motar ta cika

Auwal Fagge: A rufe suke Anti